IDON MATAMBAYI: LITTAFIN ƁARAYI DA AKA MANTA DA SHI

Ran wata Jumma'a da hantsi na ratsa ta karar shanu ta Wudil, kasuwa ta cika ta batse, sai ga wani dattijon Bafillace ya sha gabana, ya ciro wata 'yar takarda a ninke daga cikin hularsa. Ya san ni malamin ofis ne, gama ya taɓa ganina a ƙaramar hukuma, wadda tsofaffinmu har yanzu ba su daina ce mata En'e ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, don Allah duba mini takardan nan, ka gaya mini ko ta isa in nuna in an sake tare ni a gaba."

Na ce, "Baffa, wa ya ba ka ita?"

Ya ce waɗansu mutane uku ne suka tsai da shi a hanya da asuba. Ɗaya yana saye da kaki, ɗaya na riƙe da littafi da alƙalami, na ukun kuwa yana zaune cikin mota, ko fitowa bai yi ba, sai dai su je su duƙa su yi magana da shi su komo. Suka ƙirga shanunsa, suka ce akwai kuɗin allura a kan kowace saniya. Ya biya, suka ba shi takarda. Da na warware ta sai na ga tsohon rasit ne na sayen siminti, an kankare sunan mai shi. Na ce, "Baffa, ba ka tambaye su daga wane ofis su ke ba?" Ya dube ni ya ce, "Malam, ana tambayar hukuma?" Ya karɓi takardarsa, ya ce Allah ya isa, ya koma wajen shanunsa.

Da na koma gida na buɗe tsohuwar adakar mahaifina, wanda ya yi aikin malamin jangali a zamanin En'e, na ciro wani ɗan littafi da bangonsa ya rigaya ya fita. Sunansa Idon Matambayi, na Malam Muhammadu Gwarzo. Abin da ya sami dattijon nan da safe, kusan shi ne aka rubuta a ciki tun shekarar 1934. Wannan shi ya sa na ga ya kamata in yi magana a kan littafin nan da mai shi, domin a ganina ba a yi musu adalci ba.

Asalin Littafin

A shekarar 1933 Dokta R. M. East, wanda ke shugabancin ofishin fassara da talifi a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon masu ilmin boko su gwada ƙaga labari da Hausa su rubuta. A lokacin nan abin baƙo ne. Malamanmu sun saba da rubuta waƙoƙin wa'azi da tarihi da fiƙihu, da Larabci ko da ajami, amma tatsuniya a wurinsu abin tsofaffin mata ne da yara, da dare a ke yinta, ba a ɓata tawada a kanta. Shi kansa East ya rubuta a 1936 cewa shawo kan malamai su yarda ƙagaggen labari aikin mutumin kirki ne ya ba shi wuya.

Cikin abin da aka aiko, littattafai biyar suka fito, aka fara buga su a 1934. Su ne Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na Malam John Tafida Wusasa tare da East, sa'an nan Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo. Waɗannan biyar su ne tushen ƙagaggun labarai na Hausar boko, duk abin da aka rubuta daga baya a kansu aka ɗora.

To, amma tambayi ɗan makaranta ya lissafa maka su. Zai faɗi uku ba tare da tunani ba, ya yi ɗan jim ya tuno Jiki Magayi, na biyar kuwa sai ya sosa ƙeya. Wanda ma ya tuna sunan, da wuya ka tarar ya karanta. Na sha tambaya wurin masu sayar da littattafai a Kano, waɗansu su ce ya ƙare, waɗansu su ce ba su taɓa jinsa ba. Alhali kuwa shi kaɗai ne cikin biyar ɗin na mutumin ƙasar Kano, gama mai shi mutumin Gwarzo ne, yamma da birni, ma'aikacin En'e ta Kano, watau irinmu ne masu zaman tebur.

Abin Da Ke Cikinsa

Littafin ƙarami ne, mai saurin karatu ya gama shi tsakanin azahar da magariba. Labarin wani ɓarawo ne wanda a ke kira Idon Matambayi. Gidansu gidan ɓarayi ne, sata gādonsa ce kamar yadda ƙira ta ke gādon ɗan maƙeri, amma duk da haka an sa shi makarantar allo ya yi karatu. Da ubansa ya mutu sai abin hannunsa ya ƙare, waɗansu ɓarayin da suka fi shi gogewa kuma suka cuce shi. Daga nan ya haɗu da waɗansu ɓarayi uku, suka zama ƙungiya, suka shiga sace-sace da dabaru iri iri, suna raina wa talakawa da masu mulki hankali. Daga ƙarshe rashin amana ya shiga tsakaninsu, kowa na neman ya cuci ɗan'uwansa, har aka kama ukun nan aka ɗaure, shi kuwa ya tuba ya bar sata.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne inda aka ajiye labarin. Malam Bello Kagara ya ɗauki Ganɗoki ya kai shi ƙasar aljannu. Malam Abubakar Imam ya aiki Alhaji neman ruwan da ke warkad da cuta, ya yi ta yawo har ƙasashen da babu su a taswira. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koma zamanin cinikin bayi, ya ratsa hamada da Umar. Malam Muhammadu Gwarzo kuwa ya tsaya a ƙasar da ya ke takawa, da zamanin da ya ke ciki, zamanin haraji da jangali da rangadi, ya ɗauko mutanen da kowa ya san da su amma ba a son ambatonsu a zauren manya.

Abu na biyu shi ne karatun allon nan da aka ce ɓarawon ya yi. Mai rubutun da ke son sauƙi sai ya ce ɓarawonsa jahili ne, don a ce jahilci ne ya kai shi. Malam Muhammadu bai yi haka ba. Ya ba shi allo ya ba shi gādon sata, ya bar su suna ja-in-ja a cikin mutum ɗaya. Duk wanda ya zauna kusa da kotun alƙali ya san haka abin ya ke, sau da yawa wanda a ke tuhuma ya fi mai ƙara iya jawo aya. Karatu ba ya hana mutum sata sai in tarbiyya ta raka shi, amma yakan bar masa hanyar komowa. Saboda haka tubar da ta zo a ƙarshen littafin tana da saiwa tun daga farkonsa.

Baturen Ƙarya

Wurin da littafin ya fi ƙarfi shi ne satar shanun wani Bafillace. Maimakon su fasa ruga da dare da kwari da baka, sai Idon Matambayi ya yi shigar Baturen rangadi, abokansa uku kuma suka zama tafinta da masinja da ɗan sanda. Suka sauka a kan sun zo kimanta haraji da yi wa shanu allura. Dabara ta ci, makiyayi ya yarda, shanu suka tafi.

Wanda bai san zamanin ba zai ce wannan wasa ne, ƙaƙa baƙin mutum zai zama Bature a yarda? Amma a tuna yadda mutumin daji ya san Bature. Da wuya ya taɓa tsayawa kusa da shi ya dubi fuskarsa, gama duban fuskar mai mulki rashin ladabi ne, a durƙushe a ke gaishe shi, kai a sunkuye. Ba ya jin maganarsa, sai abin da tafinta ya faɗa. Ba ya kusantarsa, sai inda masinja ya tsai da shi. Abin da ya sani na Bature shi ne hula da kujera da takarda da mutanen da ke kewaye da shi suna rawar jiki. In an kawo waɗannan duka, an kawo Bature. Mutumin da ke zaune cikin mota bai fito ba, wanda dattijon nan ya ba ni labari, shi ne Baturen Malam Muhammadu Gwarzo, tufafi kawai ya sake.

Kuma a duba yadda aka zaɓi dalilan zuwan, watau haraji da allura. Jangali kuɗi ne da a ke biya a kan kowace saniya, da damina a ke ƙirga, kuma sanannen abu ne makiyaya sukan ɓoye sashen garkensu in sun ji malaman ƙirga na tafe. Mahaifina yakan ce bai taɓa zuwa rugar da aka nuna masa shanu duka a rana ta farko ba. To, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Makiyayin da ya san ya rage lissafi, in ya ga Baturen haraji a bakin rugarsa, abin da ke ransa shi ne yadda zai rabu da shi lafiya, ba zai tsaya binciken ko na gaske ne ba. Allura kuwa sabon abu ce a lokacin. Ciwon bushiya ya yi wa shanun ƙasashen nan mummunar ɓarna a wajen 1890, har Fulani da yawa suka wayi gari ba su da ko maraƙi. A 1924 aka kafa ma'aikatar binciken ciwon dabbobi a Vom, aka shiga tara shanu a sansani ana yi musu rigakafi. Ashe ke nan a shekarar da aka rubuta littafin nan, a ce wa makiyayi ya tattara garkensa ya miƙa wa ma'aikatan gwamnati abu ne da ya fara sabawa da shi. Da tsoro da bukata aka kama shi. Sai a 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya.

Wannan irin sani ba a samunsa sai wurin wanda ya ga aikin hukuma ta ciki. Ma'aikacin En'e ya san wa ke shiga gaba in an fita rangadi, wa ke magana, wa ke riƙe da littafi, ya kuma ga yadda mutane ke kaɗuwa in an buɗe takarda, ko da ba kome a cikinta. Kuma ba ƙaga abin ya yi daga iska ba. Tun farkon zuwan Turawa, bayan sun ci Kano a 1903, rahotannin Gwamna Lugga suna kuka da mutanen da ke shiga ƙauyuka da sunan su sojoji ne ko manzannin gwamnati suna ƙwace dukiyar talakawa. Kalmar nan tamu ta sojan gona, wadda har gobe mu ke faɗa wa mai shigar burtu da aikin da ba nasa ba, ita ma shaida ce.

Abin mamaki a nan shi ne ofishin gwamnatin Turawa ne ya buga wannan labari, Bature ne kuma ya duba shi kafin a buga. Watakila ya ɗauke shi abin dariya ne kurum, ko gargaɗi ga talakawa su yi hankali da mayaudara. Amma wanda ya karanta da natsuwa zai ga an faɗi wata magana mai nauyi a kan mulkin kansa. Ganɗoki ya fito wa Turawa da takobi, ya yi ta kirari, daga baya ya komo ya tarar da zamaninsu ya sallama. Idon Matambayi bai zare kome ba, hula kurum ya ara, sai ga shi ya nuna cewa a wurin talaka, rangadin gaske da na ƙarya kamanninsu ɗaya: baƙi su zo, su yi magana da harshen da ba ka ji, su ƙirga dukiyarka, su tafi da wani abu. Ban ce Malam Muhammadu ya zauna da niyyar sukar mulki ba. Na ce dai idonsa ya ga abin, alƙalaminsa kuma bai ɓoye ba.

Sunan Littafin

Sunan ma abin dubawa ne. In yaro ya ga babba da ƙunshi ya ce, "Mene ne a ciki?" akan amsa masa da cewa, "Idon matambayi ne." Watau kama bakinka, ba ruwanka. Da wannan amsa aka yi renonmu duka. Ga shi kuma mu ne mu ke cewa matambayi ba ya ɓata. Karin magana biyu ke nan suna karo da juna a bakin mutum ɗaya, muna yabon tambaya, muna kuma tsorata mai yinta tun yana ƙarami.

Ɓarawon da ke ɗauke da wannan suna, da rashin tambayar mutane ya ke ci. Da makiyayin ya ce a jira ya aika wa arɗo, ko dagaci, ko hakimi, da dabara ta watse nan take, gama Baturen gaske ba ya shiga ƙasar hakimi ba da wakilin sarki ba. Bai tambaya ba domin an koya masa ba a tambayar na sama. Shekara 90 bayan haka dattijon kasuwar Wudil ya maimaita mini karatun nan da bakinsa. A ganina wannan shi ne babban darasin littafin, ya fi darasin tubar da ke ƙarshensa amfani ga jama'a.

'Yan'uwansa A Waɗansu Harsuna

Kada a ɗauka rubuta labarin mayaudari baƙon abu ne da boko ya kawo. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da Muƙamatul Hariri, na malamin nan na Basra wanda ya rasu a 1122. Muƙama 50 ce, kuma kusan kowace labarin Abu Zaid Assaruji ce, tsoho mai zaƙin baki wanda ke sake kama daga gari zuwa gari yana karɓe kuɗin mutane da fasaharsa, sai a ta ƙarshe ya tuba. Ba wanda ya ce malamin da ke karantar da ita yana koyad da damfara. A gida kuma muna da Gizo, wanda ya cuci zaki ya cuci kura, yara na dariya. Har makaɗa ɓarayi sun samu, gama Muhammadu Gambo na Fagada ta ƙasar Kabi, wanda aka fi sani da Gambu mai waƙar ɓarayi, ya shekara da shekaru yana yi musu waƙa kafin ya bari. Idon Matambayi a cikin wannan zuriya ya ke, sai dai shi ya shigo da ita cikin zamanin ofis da takarda.

A ƙasar Faransa ma an yi wani marubuci wanda rabonsa ya yi kama da na Malam Muhammadu ta wani fanni, sunansa Faransis Karko. An haife shi a 1886 a garin Numeya, a wani tsibiri mai nisa inda Faransa ke kai fursunoninta, ubansa ma'aikacin gwamnati ne a can, tun yana yaro ya ke ganin ana wucewa da ɗaurarru cikin sarƙa. Da ya girma ya zauna a birnin Faris, a unguwar masu zane da mawaƙa da matan bariki da kawalai da ɓarayi, ya yi ta rubuta labarinsu da irin maganarsu. A 1922 ya ci babbar lambar ƙagaggen labari ta majalisar masanan harshen Faransanci, da labarin wani mai gasa burodi wanda ya kashe wata mata don kuɗi, tsoro ya hana shi sakat har ya kai shi ga halaka. Ya rasu a 1958, yau kuwa masu karanta shi kaɗan ne in an gwada da zamaninsa. Da alama ko'ina a duniya, wanda ya rubuta labarin mutanen bayan gari akan ji daɗinsa a yi dariya, amma in an zo jera sunayen manya sai a tsallake shi.

Aibin Littafin

Ba zan yabi littafin nan in ɓoye aibinsa ba, gama wanda ya ɓoye ciwo ya ɓoye magani. Gwada shi da na Bafaranshen nan ya nuna aibi na farko. Karko ya shiga cikin zuciyar mai laifi, ya nuna yadda laifi ke cin mai shi da dare sa'ad da ba kowa. Malam Muhammadu ya fi tsayawa a kan dabara, yadda aka ƙulla ta da yadda ta ci. Mun san wayon Idon Matambayi sarai, amma zuciyarsa daga nesa mu ke hangenta. Labarin kuma a jere ya ke kamar carbi, wannan sata ta wuce wata ta biyo, irin jerin tatsuniyoyin Gizo, ba kamar Jiki Magayi ba inda abu ɗaya ke haifar ɗaya tun daga auren da aka ƙwace har zuwa ramuwa.

Aibi na biyu ya fi wannan nauyi. Wanda ke karanta satar shanun nan, da ɓarayi ya ke tafiya, tare da su ya ke dariya. Abin da ke tsaya masa a rai shi ne gwanintarsu, hasarar makiyayi kuwa takan wuce shi. Ni ma haka na karanta shi ina yaro. Sai da na ga fuskar dattijon nan sa'ad da na gaya masa takardarsa ta siminti ce, sa'an nan na san akwai rabin labarin da dariya ta rufe mini. Garken Bafillace shi ne gonarsa da rumbunsa da sadakin 'ya'yansa da mutuncinsa. Mu da muka ga abin da satar shanu ta zama a Zamfara da Katsina da Kaduna tun daga wajen 2011, yadda ta rikiɗe ta koma kisa da sace mutane don kuɗin fansa, ba mu iya yin dariyar nan da zuciya ɗaya kamar mutanen 1934.

Na uku shi ne ƙarshen. Mutum huɗu suka yi laifi tare, uku suka tafi gidan yari, wanda ya fi su wayo ya fita da tuba. Yaro mai kaifin hankali yana iya cewa ashe darasin shi ne ka fi abokanka wayo. Gaskiya ne ƙofar tuba a buɗe ta ke ga kowa, amma malamai sun ce tana da sharuɗɗa: nadama, da barin laifin nan take, da ƙudurin ba za a koma ba, in kuwa laifin ya shafi haƙƙin wani sai an mayar masa da abinsa. Duk malamin da zai karantar da littafin nan, wajibi ne ya tsai da almajiransa a nan ya tambaye su, shanun Bafillacen fa?

Duk da haka a yi wa mai littafin uzuri. Shi da abokansa huɗu hanya suka sara a dajin da ba wanda ya taɓa bi, ba su da wani littafin Hausa irinsa da za su duba su gyara nasu. Wanda ya fara gini ba a tuhumarsa don bai yi bene ba.

Dalilin Da Ya Sa Aka Manta Shi

Dalili na farko shi ne sunan masu littattafan. Malam Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, sunansa ya shiga kowane gida. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista a 1957, aka juya Shaihu Umar zuwa Turanci a 1967, aka mai da shi wasan kwaikwayo, aka kuma yi fim ɗinsa a 1976. Malam Bello Kagara ya zama Walin Katsina. Girman mutum yakan ja littafinsa. Malam Muhammadu Gwarzo kuwa sunansa a fagen talifi a kan wannan ɗan littafi ɗaya ya tsaya.

Na biyu shi ne makaranta. A ƙasarmu littafin da aka sa cikin manhajar jarrabawa shi a ke sake bugawa, shi a ke saye, shi a ke tunawa. Masu zaɓe kuwa sun fi natsuwa da Shaihu Umar, mai haƙuri da tsoron Allah, bisa ga ɓarawo ɗan ɓarayi. Ana tsoron kada yara su koyi sata. Wannan tsoro ban ga tushensa ba. Ban taɓa jin ɓarawon da aka kama ya ce a littafi ya koya ba, amma na ga mutane da yawa da aka cuta domin ba wanda ya taɓa nuna musu yadda a ke cuta. Littafin ɓarayi ya fi amfani ga mai kaya bisa ga ɓarawo, gama shi ɓarawo ya rigaya ya san aikinsa.

Ko da aka manta shi, hanyar da ya sara ba ta toshe ba. Malam Shu'aibu Maƙarfi ya fito da zaman bariki a Jatau Na Kyallu a 1960. A ƙarshen shekarun 1970 Abdulƙadir Ɗangambo ya rubuta Kitsen Rogo, labarin ɗan ƙauyen da ya shiga birni ya faɗa hannun miyagu. A 1982 aka sami Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan 'yan fasa-ƙwauri da masu ɗaure musu gindi, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Waɗannan sun fi Idon Matambayi girma da zurfi, amma shi ne ya riga su sa mai laifi a tsakiyar littafin Hausa ya ce a dube shi.

Roƙo

Zamanin da littafin ya siffanta ya wuce. An rushe tsarin En'e a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, Gwamna Abubakar Rimi kuma ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979. Baturen rangadi ya tafi da hularsa. Amma kaki da takarda da hatimi suna nan, tsoronsu kuma yana nan, har an ƙara da wayar hannu, inda mutum zai kira ka ya ce daga banki ya ke, ka karanta masa lambobinka da bakinka.

Saboda haka ina roƙon masu buga littattafai su sake fito da Idon Matambayi da yawa, da araha, a sa masa gabatarwa mai bayyana jangali da rangadi ga yaran da ba su tarar da su ba, a kuma rubuta tarihin mai shi tun ana samun waɗanda suka san shi. Ina roƙon masanan jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato su ba shi irin kulawar da suka ba 'yan'uwansa huɗu. Mu kuma ma'aikatan ofis, mu ne ya fi kamata mu karanta shi, mu ga kanmu yadda talaka ke ganinmu. In mutum ya zo gaban teburinmu ya ce kuɗin me ne wannan, wa ya sa shi, ina rasit, kada mu ce masa idon matambayi ne. Mu amsa masa da sakin fuska, domin ran da talaka ya saba tambayar ma'aikacin gaske ba a tsawata masa ba, ran nan ne zai iya tambayar na ƙarya.

Allah ya saka wa Malam Muhammadu Gwarzo da alheri, ya mayar wa dattijon nan da abin da ya fi wanda aka karɓe masa, ya tsare mu da cin haƙƙin wani. Amin.